Hannun Hagu a Rairayin Khumra

Juma'a, 9 ga Janairu, 1976

Yau na hau rairayi da babur ɗina! Yaya Othman, wan matata Mastura, shi ya ce in biyo shi da abokansa masu babura bayan la'asar. Muka tashi daga unguwar Nuzla a nan Jidda muka nausa kudu, bayan Khumra, inda kwalta ke ƙarewa sai sawun motocin Larabawan daji. Layi ɗaya ake yi. Na gaba shi ke zaɓen hanya, sauran kowa ya bi sawunsa. Na gaba kuwa kullum Yaya Othman ne, gutra, mayafin kan Larabawa, ɗaure a ka, silifa a ƙafa, jallabiya a naɗe zuwa gwiwa. Ni aka sa a ƙarshe, na sha yashin kowa, na faɗi har na daina jin kunya. Amma daɗin! Idan ka hau tudu ka gangaro, cikinka sai ya biyo ka daga baya.

Wallahi sai na ja layin nan wata rana. Na faɗa a nan, ban faɗa wa kowa ba.

Lahadi, 11 ga Janairu

Injiniyanmu na masana'anta, Baturen nan mutumin Kanada, ya ga gwiwar hannuna a ɗaye. Da na gaya masa dalili sai ya washe baki ya zaro hoto. Wai a ƙasarsu su ma suna yi, amma a kan ƙanƙara. Wani irin babur ne marar taya, sanduna biyu masu sulɓi a gaba, bel a baya. Layi ɗaya kamar namu, cikin itatuwa. Shi kansa a hoton ban gane shi ba, ya rufe ko'ina kamar buhun auduga. Ya tambaye ni me nake sawa a kai. Na ce hula mana. Bai yi dariya ba.

Talata, 13 ga Janairu

Bature ya kawo min hularsa! Hular kwano ja, da tabarau mai roba, da safar hannu ta fata. Ya ce tun da ya zo Jidda suke akwati, ba su da aiki. Na sa ta a gida, ɗana Saleh ya gan ni ya ƙwalla ihu ya shige bayan uwarsa. Mastura ta yi dariya har da riƙe bango.

Juma'a, 16 ga Janairu

Hular nan don sanyi aka yi ta. Cikinta gashin tunkiya ne har kunnuwa. Kafin mu wuce unguwar Madain Fahd zufa ta cika min ido. Haladu mai walda na hango ni ya ce, "Ya salam! Wa ya ɗora girki a kan dabbab?" Dabbab babur ke nan a bakin mutanen nan. Shi ke nan suna ya bi ni, Abu Tukunya. Yaya Othman ya ƙwanƙwasa ta da yatsa kamar mai sayen kankana, ya ce, "Ajali ba ya jin tsoron kwano, ya shekh. Yalla."

Na so in cire. Taurin kai ne kawai ya hana ni, ba wayo ba. Amma da tabarau ina ganin hanya tar, yau har na wuce biyu cikin 'yan layin, Usuman da Bawa.

Asabar, 17 ga Janairu

Mastura ta farke gashin da reza ta ɗinka farin yadi a gurbinsa. Soson nan mai tauri na ƙasa na ce kar ta taɓa, Bature ya ce shi ne hular.

Laraba, 28 ga Janairu

Muna cin abincin rana Bature ya tashi tsaye yana koya min alamunsu. A kan tudu ko kwana, inda ba a ganin gaba, kowa ya riƙe dama, a rage gudu. Kar a manne wa na gaba. In na gaba ya ga wani abu, sai ya ɗaga hannu sama, na bayansa ya ɗaga, haka har ƙarshen layi. Da hagu. Ya maimaita, da hagu, domin dama na kan totur da birki, ba a sakinta. Ya ce ya taɓa binne aboki saboda wannan.

Abin ya burge ni ƙwarai. Layi guda yana magana ba baki! Na ƙagara Juma'a ta zo in nuna musu.

Juma'a, 30 ga Janairu

Na kwafsa.

An yi canjin wuri a hanya, Yaya Othman ya dawo bayana don ya ga tuƙina. Na ga rami, na ɗaga masa hagu da dukan ƙarfina, ina jin kaina. Da muka tsaya shan shayi ko kallona bai yi ba. Can ya ce, a gaban kowa, "Ni za ka ɗaga wa hagu? Aib, Abdulghani. Ƙanwata na ba ka, ba jaki ba." Na fara bayanin totur, ya ce halas, wato magana ta ƙare. Haladu ya sunkuyar da kai yana hura shayi.

Haushi kamar in fashe. Mutum ya zo da abin amfani a mai da shi marar tarbiyya! Amma in na tuna, ni ma da Saleh ya miƙo min kofi da hagu sai na buge hannun.

Alhamis, 5 ga Fabrairu

Mastura ta ce, "Abu Saleh, ka je ka ba shi haƙuri, yayana ne, na san halinsa." Na je shagonsa na tayoyi bayan azahar, na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata. Ya ce ma'alesh, ya wuce. Ya ce tuƙina ya yi kyau, tukunyar ce kawai ke dafa min ƙwaƙwalwa. Har ya sa aka kawo min lemo.

Laraba, 18 ga Fabrairu

Ni zan ja layi jibi! Ni! Yaya Othman da bakinsa ya faɗa, yana duba iskar tayata. "Juma'a kai ne gaba, ni ina bayanka. Ka kai mu bakin teku." Na dawo gida ina waƙa a kan babur kamar wanda aka yi wa albishir da haihuwa. Na wanke sarƙa, na ɗaure birki, na goge hular har ina ganin fuskata. Na riga na zaɓi hanya a kaina, ta manyan tudun nan uku da yake kauce wa. Bari su ga Abu Tukunya.

Alhamis, 19 ga Fabrairu

Abinci ya ƙi shiga. Mastura ta ce ko ranar ɗaurin aurenmu ban yi wannan zumuɗin ba.

Asabar, 21 ga Fabrairu

Ba zan iya rubutu da yawa ba, wuyana ba ya juyawa.

Farkon tafiyar, ban taɓa jin daɗi irinsa ba, in faɗi gaskiya ko da yanzu. Babu yashin kowa a idona, ƙasa shimfiɗe ba sawu, iskar teku. Tudu na farko, na biyu, ina jin ƙarar injin Yaya Othman dab da ni. Ya matso sosai. Na hau na uku, sai ga a-kori-kura ta hauro ta wancan gefen da lodin ciyawa, a kan hanyarmu sak. Ni na gan ta, su ba su gani ba.

Haguna ya tashi daga kan kuloci da kansa. Sai na tuna wa ke bayana. Na mayar da shi, na ɗaga dama.

Ina sakin totur tayar gaba ta nutse a yashi, babur ya tsaya cak. Yaya Othman ya shigo ni ta baya. Na ji kaina ya daki wani abu, ƙara kamar an jefar da tukunya, daga nan sai sama. Motar ta kauce, ko taɓa mu ba ta yi ba. Da na miƙe, hular ta tsage daga goshi zuwa kunne. Shi kuma yana kwance gefen babur ɗina, gutrarsa ta jiƙe da jini. A bayan motar ciyawar muka kai shi asibiti, Balaraben da ke tuƙa ta yana ta salati.

Talata, 24 ga Fabrairu

Ya buɗe ido yau, alhamdulillahi! Ya gane Mastura, ya nemi ruwa. Na fita baranda na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Baba. Bawa ya zo ya tsaya kusa da ni.

Lahadi, 29 ga Fabrairu

Na mayar wa Bature hular don ya gani. Ya daɗe yana shafa tsagar da yatsa. Ya ce ta gama aikinta, a jefar, ba a sa wadda ta taɓa fashewa. Ya tambayi yadda aka yi. Na ce yashi ne mai laushi. Ta ina zan fara yi masa bayanin suruki?

Litinin, 8 ga Maris

An sallamo Yaya Othman. Kunnensa na dama ba ya ji, in ya tashi tsaye jiri na ɗibarsa. Likita ya ce shi da babur har abada. Na je gaishe shi, yana jingine a tsakar gida, an aske rabin kansa. Na zauna nesa. Ya ce in matso ta wannan gefen.

Ya ce ya ga lokacin da haguna ya tashi ya koma. Ya gani sarai. Sannan ya ce, "Da ka ɗaga min shi, ya akhi. Da ka ɗaga, in yi fushi na sati."

Ya ce in zuba masa shayi.

Alhamis, 18 ga Maris

Haladu ya zo da hulunan kwano daga kantin wani Bahadarme, mutumin Yaman, a cikin gari, farare, marasa gashi. Ya ajiye min ɗaya yana kallon gefe. Ya ce kar in kuskura in kira shi da wani suna.

Juma'a, 26 ga Maris

Mun fita. Iska mai daɗi, teku shuɗi kamar an wanke shi. A bakin kwalta suka tsaya suna jirana, wai Yaya Othman ya aiko, ni ne gaba daga yau. Na ce injina na ɗaukar zafi, gara Haladu ya ja layin. Lafiyar injin ƙalau, amma wa ya sani, gara a lallaɓa shi. Ƙarshen layi ma ba laifi, kana ganin kowa, ka san wanda ya manne wa wani, ka yi masa tsawa a wurin shayi. Usuman ya sha faɗa yau.

A tudu na uku Haladu ya rage gudu ya riƙe dama, ya ɗaga hagu. Bawa ya ɗaga. Usuman ya ɗaga. Ni ma na ɗaga, na daɗe ban sauke ba, ko da yake babu kowa a bayana.