Sama ko Ƙasa a Cikin Mazurari

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Gwaggo, da gwiwar nan taka. Ni lafiyata ƙalau, aikin ne ya sa ni a gaba.

Ka san kamfaninmu na yis, abin kumbura burodi, yana zubar da ruwa mai yawa, kuma a cikinsa akwai amino asid, sinadarin nan da jiki ke gina tsoka da shi. Ni na nace sai a ƙwato shi a daina asara, har shugaban sashe ya ba ni ƙaramin ɗakin gwaji na wata guda. Ya ce in ban nuna masa abin kirki ba zai rufe ɗakin, in koma duba takardun kaya a sito.

Yadda nake yi ka san shi. In zuba ruwan a mazurarin gilashi mai famfo a ƙasa, in ƙara man da zai janye asid ɗin, in girgiza, in bari su rabu gida biyu. Sai in buɗe famfo ruwa ya fita, in auna na sama. Kawu, sati uku ke nan na'ura tana nuna mini kusan sifili. Sabon mai aka kawo mana bana, ina jin shi ne ba shi da kyau. Saura kwana takwas, kuma ina son ɗakin nan har raina.

A gaida Gwaggo. Ka huta lafiya.

Ɗiyarka

*

Uwar-gaggawa,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, gwiwa kuma tana nan da halinta. Gwaggonki ta ce in tambaye ki ko kina cin abinci, na ce wanda ke rubutu da sauri haka ai da ƙarfinsa.

Shekara talatin na yi ina wanke kwalabe a ɗakin gwajin makaranta, ban taɓa ganin mai ya yi wa mutum ƙarya ba. Kafin ki ɗora masa laifi, amsa mini. Wa ya gaya miki na ƙasan nan ruwa ne? Hannunki ya saba da tsohon mai, wanda ke tasowa sama. Sabon fa, kin karanta jikin kwalbarsa? Akwai man da ya fi ruwa nauyi.

Ki ɗebo kaɗan daga na ƙasa a kwalba, ki ɗiga masa ruwan famfo. In ɗigon ya ɓace, ruwa ne, ni kuma na tsufa. In ya tsaya a kai yana kallon ki, to ki nemi kujera ki zauna.

Kuma abin da kike fitarwa, ina kike zuba shi? Allah ya yi miki albarka.

Kawunki

*

Kawu,

Barka da war haka. Na nemi kujerar na zauna.

Ɗigon ya tsaya a kai kamar ƙwayar ido. Ashe man nake fitarwa da hannuna, ina auna ruwan da aka riga aka tatse. Sifilin da nake ta ƙorafi a kansa shi ne shaidar cewa aikin ya yi. Dariya ta kama ni ni kaɗai, daga baya kunya ta rufe ni.

Ba na zuba komai a kwata, ka horar da ni. Duk yana cikin wani shuɗin duro a bayan ɗakin gwajin. To amma masu kwashe shara sun riga sun liƙe shi, ranar Alhamis za su ɗauka, kuma ba a buɗe duron da aka liƙe sai da sa hannun shugaba. In na sake sabon gwaji, kwanakin da suka rage za su ba ni ɗan abin da bai kai cokali ba, wataƙila ya ishe shi, wataƙila a'a, amma babu wanda zai san wautata. In na nemi duron, sai na faɗa masa komai da bakina. Mutumin nan ko murmushi sai ran da ya ga dama.

Me ka gani? Ina jiran amsarka. A gaida Gwaggo, kada ka karanta mata wannan.

Ɗiyarka

*

Uwar-gaggawa,

Sallama da fatan alheri. Na riga na karanta mata, ta yi dariya har da tari.

Ba zan zaɓar miki ba, ke ce mai ɗaki. Abu ɗaya zan ce. Ba mamaki wata rana wani ya karɓi aikin nan daga hannunki, da man nan, da mazurarin nan, shi ma hannunsa ya saba da man da ke tasowa sama. In kin yi shiru, shi ma duro zai cika.

Ki je masa da safe, bayan ya sha shayi. Allah ya ba da sa'a.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaisuwa, da kai da Gwaggo.

Ranar Laraba na je. Na faɗa masa tiryan-tiryan, ban rage komai ba. Ya daɗe yana kallo na, sannan ya ce, "Wato sati uku kina yin daidai, kina zubarwa." Na ce haka ne, ranka ya daɗe. Ya sa hannu, aka buɗe mini duron.

Kwana biyu na yi ina wanke man da ruwa mai tsami, ina busarwa. Farin garin asid ɗin ya fito, ya cika kwalba uku har da ɗori. Jiya na jera su a teburinsa. Ya ɗaga ɗaya ya duba a hasken taga, ya tambaye ni mazurari nawa ɗakin zai ɗauka. Na ce huɗu. Ya ce in nemi shida, za a fasa bangon sito a ƙara mini wuri.

Na gode, Kawu. Allah ya bar mana kai.

Ɗiyarka