Wa Zai Zo Zaman Shiru?

Aikin farko yau: kwaso takardun tambayoyi daga ajujuwa.

Yaya Tokuji,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da anti Sumie da yara.

Haikalin da ya kafa makarantarmu yana so a auna abin da ke dasa addini a zukatan ɗalibai: darasin aji ne, ko halin malamai, ko zaman shirun nan na tattara hankali da Malam Enkai ke jagoranta kowace safiya? Shugaban makaranta, Mista Sugawara, ya ce duk abin da bai nuna amfani ba za a ba darasin lissafi lokacinsa, don iyaye jarrabawar shiga jami'a ce a gabansu. Ni da ke ofis aka ɗora wa rubuta tambayoyin da haɗa amsoshi.

Kowace tambaya tana da zaɓi, daga "ƙwarai" zuwa "ko kaɗan". Ka san yaranmu. Kusan dukkansu na tsakiya suka ɗauka, "ba zan iya cewa ba", don kada su ɓata wa kowa rai. Ina zargin ni ce ban iya tambaya ba.

Kai ka yi makarantar nan, ka yi zaman. Me ya bar maka? Don Allah ka amsa kafin taron Juma'a.

Ƙanwarka,
Fumie

Yaya,

Barka da aiki. Shirunka ya sa na ɗauka ka yi arewa da kaya a babbar motar da kake tuƙawa.

An yi taron. Mista Sugawara ya ce sakamakon bai nuna komai ba, don haka a soke zaman. Malam Enkai bai kare kansa ba. Cewa ya yi shi ma da an ba shi takardar, na tsakiya zai ɗauka. Kowa ya yi dariya, ban da ni. Da aka juyo kaina, sai na ce a mayar da zaman na ganin dama: mai so ya zo kafin ƙararrawa, yawan masu zuwa ya zama ma'auninmu. In zango ya ƙare ɗakin ba kowa, a rufe.

Nan take suka amince. Saurin nan ne ya dame ni, tun a kan keke nake juya shi har gida.

Ka huta lafiya,
Fumie

Fumie uwar damuwa,

Muna lafiya. Wasiƙunki biyu tare na tarar da su, na yi kwanaki a hanya.

Me ya bar min? Ciwon gwiwa. Na tsani zaman nan kamar me. Kin san yadda ake yi, Malam Enkai yana zagawa da sandarsa, wanda barci ya ɗauka ya haɗa tafin hannu ya roƙa, sannan a buga masa a kafaɗa. Ni ban taɓa roƙa ba, barcina ya fi min. Da an ba ni takardarki a lokacin, "ko kaɗan" zan ɗauka, in danna biro har ya huda.

Amma bara, ranar da aka shiga da Sumie tiyata, sai na tsinci kaina a benci na miƙe baya, hannu bisa hannu, ina bin numfashina. Ban shirya ba, jikin ne ya tuna. Ba don haka ba da na ɓalle musu ƙofa. Ban taɓa gaya wa kowa ba, kada kuma ki gaya mata, za ta raina ni.

Ga wanda ba za ki so ji ba. Da na ganin dama ne a zamaninmu, ƙafata ba za ta taka ɗakin ba. Yaran kirki za su zo miki. Irina kuwa suna bakin tasha suna cin burodi.

Ki riƙa cin abinci.
Tokuji

Yaya,

Na gode. Na karanta wa Malam Enkai wasiƙarka, ya ce ya tuna ka, kai ne mai minshari. Na je wurin Mista Sugawara in janye shawarata, ya ce sanarwa ta riga ta isa ga iyaye. Gobe za a fara.

A gaida anti Sumie.
Fumie

Ayyukan gobe:
buɗe ɗakin zama da wuri, a kunna masa wuta ya yi ɗumi
fitar da filolin zama, ban san nawa ba
biyawa ta bakin tasha, wurin yaran nan masu cin burodi. Abin da zan ce musu, ban samo ba tukuna