Jinin da Ya Tsare Kakanninmu

Zuwa ga sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan farko a kan ƙasar da ta tsage don ƙishi, Malamata wadda ba a yi ta biyunta ba,

Sallama nake miki irin ta mutumin da ke tsaye a bakin rijiya, guga a hannu, igiya a hannu, maƙoshi a bushe, aka ce masa kada ya kuskura ya ja. Ina fatan kina lafiya, da Baba da Umma da Yaya. Ni kam lafiyar jiki ce kaɗai ta rage mini, ita ma don ba ta san inda za ta nufa ba ne.

Ya ke furen da ya buɗe a gonar da ba tawa ba! Ya ke tsuntsuwar da ta sauka a tafin hannuna, ta sha ruwa, ta tashi! Kin san ni, ba sai an ba ki labari ba. Tun da na yi wayo ban taɓa durƙusa wa ɗan Adam ina roƙo ba. Da tantabara biyu na fara, a cikin kwalin sabulu, a bayan ɗakin mahaifiyata. Yau ga gona, ga akurki jere, ga kejuna har bango, ga mutane suna cin abinci a ƙarƙashina, kuma ba mahalukin da zai bugi ƙirji ya ce shi ya ɗora ni. Sakandare da ƙyar na ƙarasa ta, takardar ma ban san inda ɓera ya kai ta ba, ban kuma taɓa jin kunyar faɗa ba. To ga wannan mutumin yau ya ajiye girman kansa a ƙasa kamar tabarma, yana roƙon ki taka ki wuce ta kai, in dai wurinsa za ki zo.

Kin tuna ranar da kika kawo ɗalibanki gonata? Ni ina ganinta har yanzu kamar an zana mini ita a cikin ido. Kika shigo da garin alli a gefen mayafinki, kika tsaya gaban kejunan tantabaru kamar gonar ta ubanki ce. Kika nuna musu mai wutsiya kamar mafici, da mai kumbura ƙirji kamar sabon attajiri, da mai gashi a ƙafa kamar ta sa safa. Kika ce duk waɗannan daga tantabara ɗaya suka fito, wata baƙa-baƙa marar ado mai kwana a kogon dutse, hannun masu kiwo ne ya yi ta zaɓe, ana haɗa wannan da wancan, har kamanni suka rabu. Na ji daɗi, don na ɗauka yabona kike yi. Sai kika ƙara da cewa abin da nake yi a keji, yunwa da sanyi da cuta sun daɗe suna yi wa duk mai rai tun kafin a san ƙidayar shekaru, kuma shi ake kira sauyin halittu. Nan na tare ki. Na ce, Malama dakata, ba wannan ne karatun da ake cewa kakanmu biri ne ba? Ni dai na san kakana, maƙeri ne, kuma ba shi da wutsiya. Ko gezau ba ki yi ba. Kika ce ba wanda ya ce kakana biri ne, an dai ce ɗan uwa ne na nesa, kuma wa ya taɓa zaɓar danginsa? Yara suka kwashe da dariya a cikin gonata, a gaban ma'aikatana! Na nemi fushi a cikina sama da ƙasa, wallahi ban same shi ba. Murmushinki ya riga ya shiga ya kulle ƙofa.

Wayyo waɗancan hirarrakin yamma a falonku! Fankar nan mai kuka kamar tsohuwar akuya, kujerar da aka tokare wa ƙafa da guntun katako, hoton ƙanwarki marigayiya Auta a bango tana kallonmu da manyan idanunta. Ni in ja, ke ki ja. In ce miki wannan karatu zai ci imanin mutum, ki ce Wanda ya halicci tsuntsu shi ya halicci hanyar da tsuntsu ke sauyawa, ke sawun aikin kawai kike bi. Baba ya leƙo ya ce mu riƙa cire masa wannan karatun a bakin ƙofa tare da takalmanmu. Ke kuma ki rufe baki da mayafi kina dariya, kina ce mini Sarkin Tantabaru. An kira ni da sunaye da yawa a kasuwa, na girma da na ba'a, amma ba wanda ya taɓa zauna mini kamar wannan.

Ina ma a ce bakina ya yi ciwo ranar da kika dawo gonar ke kaɗai! Kika tarar da jan namijin tantabarar nan a keji ɗaya, farar macen a wani, kowa yana kuka yana dukan waya da fiffike. Kika ce, haba Sarkin Tantabaru, wannan wace irin mugunta ce, ba ka ga suna son juna ba? Ni kuwa na gyara tsayuwa, na zuba hannu a aljihu, don in nuna miki ni ma malami ne a fagena. Na ce duk ƙyanƙyasar da suka yi sai an sami ɗan shila mai shanyayyar ƙafa, ya yi ta jan ciki har ya mutu. Na ce miki son da suke wa juna ruwansu ne, amma wanda zai ja cikin ba a yi shawara da shi ba. Kika daɗe kina kallona. Na ɗauka hikimata ce ta burge ki. Ashe Auta kike gani.

Da kika ce sai mun yi gwajin jini kafin in turo manyana, dariya na yi. Na naɗe hannun riga ina cika baki a gaban ma'aikaciyar asibitin, ina cewa ta ɗiba son ranta, jinina ko sauro ya sha sai ya yi ƙiba. Na ce ni da na tashi a bakin kwata, zazzaɓi ya kwantar da sa'o'ina, ya kai wasu kabari, ni ko gadon asibiti ban taɓa hawa ba, wane ciwo ne zai ɓuya a jikin irina? Da matar ta kira mu ta ce kowannenmu yana ɗauke da rabin sikila, sai na ce injinsu ne ya lalace. A kan bencin nan na baranda, mai warin maganin wanke ƙasa, kika zaunar da ni kika yi mini karatun da ya fi kowanne ɗaci. Kika ce ƙarfin da nake taƙama da shi a kan zazzaɓi, wataƙila shi ne ma shaidar. Kika ce mai rabi ɗaya zazzaɓin sauro bai cika kayar da shi ba, shi ya sa kakanninmu masu ɗauke da shi suka rayu suka haihu inda wasu suka faɗi, har abin ya gangaro ya iso mu. Amma idan rabi ya gamu da rabi a jikin yaro, ƙwayoyin jininsa su lanƙwashe kamar lauje, su riƙa yankarsa daga ciki. Kowane ciki ƙuri'a ce, kika ce, ɗaya cikin huɗu.

Wace irin duniya ce wannan, hasken raina? Garkuwar da ta tsare kakana da kakanki har aka haife mu, ita ce ta zama katanga a tsakaninmu? Da ba don wannan jinin ba, da wataƙila ba ni ba ke. Saboda wannan jinin kuma, ga ni ga ke, amma ba mu! Wa zan kai ƙara? Sauro?

Ban zauna ba, kin sani. Na tafi wurin liman da tabbacin zai tsaya mini, na ce masa ai komai rubutacce ne, mai tsoron haihuwa bai yarda da ƙaddara ba. Tsohon nan ya bar ni na gama tsaf, sannan ya tambaye ni ko ina barin ƙofar akurki a buɗe don muzuru ma da rabonsa. Ya ce tawakkali ba shi ne mutum ya rufe ido ya tsallaka titi ba. Na fito ina huci. Na sami wani malamin da ya faɗa mini abin da kunnena ke so, na kawo miki maganarsa da gudu kamar na tsinci zinariya. Kika ce Allah ne ya rubuta, gaskiya ne, kuma shi ne ya ba mu idon karantawa.

Sai na yi miki tambayar da har gobe take ƙona mini harshe. Na ce mutum ba tantabara ba ne! Na ce Auta fa, da kika yi jinyar sikilarta, kika yi ta gasa mata ƙafafu da ruwan ɗumi tana kiran sunanki, za ki ce gara da ba a haife ta ba? Hawaye suka zubo miki, amma muryarki ba ta girgiza ba. Kika ce ko da za a ba ki duniya ba za ki mayar da rana ɗaya daga cikin kwanakin Auta ba. Kika ce amma Baba da Umma ba su sani ba, mu kuwa mun sani. Sannan kika maimaita mini maganata ta gaban keji, kalma bayan kalma, ba ki rage ko wasali ba. Ban taɓa sanin mutum zai iya wasa wuƙa da hannunsa, ya miƙa ta da fara'a, ba tare da ya san wuyansa ya wasa wa ba.

Na ce to na haƙura da haihuwa. Ni da na tara duk abin da na tara ina hango ɗan da zai gaje ni, ni da mahaifiyata ke ce mini kullum gwiwoyinta sun gaji da jiran jika, na ce na yafe, a bar ni da ke. Na zaci na yi bajintar da za a daɗe ana labari. Kika ɗago kika ce, kai ka haƙura, ni ka tambaye ni? Nan na gane ban taɓa tambayarki ba. Na ga yadda kike karɓar jaririn maƙwabta ki manta da kowa a ɗakin, na ga yadda kike sunsunar kansa, amma ban taɓa tsayawa na lissafa cewa kyautar da nake taƙamar bayarwa daga jakarki zan ciro ta ba.

Yanzu Yaya ya ce mini kin karɓi canjin makaranta zuwa nesa, har an fara ɗaure littattafanki a kwali. Bai ɓoye mini ba, ya ce ke kika nema. Ya dafa kafaɗata ya ce in yi haƙuri irin na maza. Wane haƙuri? Ana ce wa kogi ya yi haƙuri ya koma tudu?

Abu ɗaya ya rage a hannuna, ga shi na shimfiɗa miki. Na mayar da jan nan da farar nan keji ɗaya. Idan ta yi ƙwai sai in ɗauke, in sa musu na wasu. Suna kwanci bi da bi, su ƙyanƙyashe, su ciyar da 'yan shilan baki da baki, kuma wallahi ban ga ranar da suka tambayi na wane ne ba. Duniya cike take da yaran da ba su da kafaɗar da za su kwanta a kai. Ni da ke za mu iya cika gida da su, ki koya musu karatu, in koya musu neman na kai. Na san abin da nake roƙo ba ƙarami ba ne. Na san ina ce miki ki binne wani abu da kike so tun kina goya 'yar tsanar tsumma, don kawai wani mai kiwon tsuntsaye ya kasa numfashi in ba ke. Ba ni da hujjar da za ta kayar da taki. Kin fi ni gaskiya, ya ke zumar da ta zame mini maɗaci, kuma wannan ne karo na farko da na faɗa wa wani mai rai haka.

Idan akwai sauran wuri a zuciyarki, ko da faɗin ƙwayar gero ne, ki aiko Yaya da kalma ɗaya kafin motar kayanki ta tashi. Idan bai zo ba, na ji amsata, ba kuma zan tare ki a hanya ba. Ki auri wanda jininsa ya dace da naki, ki haifi 'ya'ya masu dariyarki, Allah ya raya miki su, ya sa kada ki sake riƙe ruwan ɗumi a kan ƙafar yaro. Wannan addu'ar da gaske nake yin ta, ko da yake kowace kalma sai ta yage ni kafin ta fita.

Amma kada a ce miki zan warke in nemi wata. Masu ba ni wannan shawara sun yi yawa, duk na sallame su. An ce mai rai yakan bi zamani ya sauya don ya tsira, to ni na duba kaina ciki da waje, ban ga inda zan lanƙwasa ba. A kanki aka gina ni, a kanki zan ƙare. Wata rana a sabon ajinki, idan wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce a ba shi misalin halittar da ta shuɗe ba ta bar baya ba don ta kasa sauyawa, kada ki wahalar da kanki da hotunan ƙasusuwan da aka tono. Ki ce masa kin san wani.

Naki a yau, naki ranar da za ki tafi, naki har a rufe ni da ƙasa,

Sarkin Tantabarunki