Rabuwar da Oronzo Ya Shirya Mana

Litinin, 4 ga Maris
Mun sa hannu. A takarda ni da mijina Cosimo mun rabu. Dabarar Oronzo ce, ɗan kawunsa akanta: gidan bakin teku da uwar Cosimo ta bar masa, haraji na cin mu saboda gida na biyu ne. In mun rabu, kowa da gidansa ɗaya, harajin ya ragu, shi ke nan. "Nunzia, wasa ne kawai," in ji Oronzo. Wasa da aurena! Da muka fito Cosimo ya saya mini kofi, na kasa sha.

Alhamis, 14 ga Maris
Dole Cosimo ya zauna a gidan bakin tekun har jami'in ƙaramar hukuma ya zo ya tabbatar can yake zaune. Ba su faɗin rana. Na haɗa masa kaya ina kuka, shi kuwa ƙugiyar kamun kifi yake nema.

Lahadi, 24 ga Maris
A coci maƙwabciyata Titina ta riƙe hannuna: "Wayyo 'yar uwa, wata ce ta ƙwace shi?" Ba halin in faɗi gaskiya. Na ji kamar in shaƙe ta.

Talata, 9 ga Afrilu
Ya kira. Wai ya koyi dafa taliya. Mutumin da bai san inda gishiri yake ba! Tsoro nake ji kada ya saba da rashina.

Lahadi, 5 ga Mayu
Ban yi girki ba. Burodi da tumatir na ci a tsaye, rediyo a tashar da nake so. Ba mai cewa in rage murya. Na yi barci har rana ta yi, na tashi ina jin kunya, ban san ta me ba.

Juma'a, 17 ga Mayu
Jami'in ya je, ya same shi, an gama. Oronzo ya ce yanzu ba mai sake leƙawa.
Cosimo ya kira: "Tsohuwata, na gaji da tekun nan. Gobe in dawo?"
Na ce ya ƙara haƙuri tukuna, kada su sake zuwa.
Ya ce, "To."
Alhali shi ma Cosimo, Oronzo ya gaya masa ba mai sake leƙawa. Na sani.