Mai Farin Kunne

Baba,

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, amma gara ka ji daga gare ni.

Jiya kana kasuwar shanu tsoho Orval ya zo. Ka san tun da karensa ne uban 'ya'yan karyarmu Tansy, shi ke da zaɓin farko. Ya duba, ya duba, sai ya ɗauki 'yar mai farin kunnen nan, wadda ka ce ita za ta gaji uwarta wajen kora shanu, tun da Tansy ta tsufa, ba za ta sake haihuwa ba.

Ya ce, "Verna, ko kina da magana? Ke kullum ido a ƙasa, kamar kin yar da allura."

Na bar shi. Ya cusa ta cikin rigarsa ya tafi. Ka yi haƙuri.

Kada ka kira shi, faɗa za ku yi. Ka dai ba Tansy abinci, tana ta shinshina barga tana neman 'yarta.

Yau da safe na sa babban namijin cikin 'ya'yan a akori-kura, zan kai wa Orval mu yi musanya. Jiya ya tambaye ni ko ina da magana. Ina da ita.

Verna