Allon da Ake Kafa Mana a Ƙofar Gida

Asabar, 5 ga Agusta

Marlow Springs. Na daina ƙirga garuruwan da na bi Rayford tun da na aure shi. Matar koci ba ta da gari, sai kwalaye.

Wannan karon dai ya zama babban kocin ƙwallon Amurka, irin wadda ake ɗauka a hannu, na kwalejin garin, abin da ya yi shekara da shekaru yana mafarki. Shekara ɗaya suka ba shi su ga kamun ludayinsa. In ya yi abin kirki a ƙara masa, in bai yi ba mu kama gabanmu. Shi sai washe baki yake. Ni kuwa kwalin tukwane da na zannuwan gado kawai na buɗe, sauran na jibge su a gareji. Kwalin tangaran ɗin marigayiya Mama ko taɓa shi ban yi ba. A ƙaurar da ta wuce aka fasa mini babban kwanon miyarta, ba zan sake ba.

'Yata Janelle ta tsaya a ƙofar kicin ta ce, "Mama, shekara biyu suka rage mini in gama sakandare. Don Allah a nan." Na ce ta je ta gaya wa ubanta. Ni me ke hannuna?

Laraba, 16 ga Agusta

Maƙwabciyarmu ta shigo da soyayyar kaza da burodin masara. Mama Odessa. Ta kusa tamanin, wai tun tana budurwa ba a taɓa buga wasa a filin garin nan babu ita ba. Ko zama ba ta gama yi ba ta ce, "'Yata, ki gaya wa mijinki, mu a nan jefa ƙwallo muka sani. Wannan rungume ta da yara ke yi suna gudu kamar sun saci kaza, ba namu ba ne."

Na ce to, Mama. Ai ko wasa ɗaya ba a buga ba tukuna!

Mijinta, Baba Clovis, tsohon kafinta ne. Yana tsaye a waje yana ta kallon ciyawar ƙofar gidanmu, ban san me ya gani a ciki ba.

Kazar ta yi daɗi, abin haushi.

Lahadi, 3 ga Satumba

Jiya an lallasa mu. Wasan farko, a gida, gaban kowa da kowa.

Yau na fito ɗaukar jarida, sai ga allo an kafa a tsakiyar ciyawata, da jan fenti: GIDAN SAYARWA. Da farko na ɗauka dillalin gidaje ne ya yi ɓatan kai. Babu suna, babu lambar waya. Sai da na ga motoci suna rage gudu ana leƙowa sannan na gane.

Na shiga ciki ina huci. Rayford ya leƙa ta taga, ya yi dariya. Dariya! "Verna, ai haka ake yi wa koci a ko'ina."

Na ce shi ya ga dama ya yi dariya, ba shi zai je majami'a ana nuna shi da baki ba. Na tuge allon na wurga a gareji.

Laraba, 13 ga Satumba

Mai karɓar kuɗi a kanti, yarinyar da a haife na haifi kamarta, tana saka mini ƙwai a leda tana cewa, "Anti, ki ce wa Koci ya riƙa jefawa mana."

Lahadi, 17 ga Satumba

Allo na uku. Wanda ke yin su ya iya aiki, ko gefen ya goge sumul. Mutum ya zauna ya goge katako don kawai ya ci mini mutunci.

A majami'a fasto ya roƙi Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ba manoma ruwa, "ya kuma buɗe wa shugabanninmu ido su ga cewa sama ma hanya ce." Duk aka juyo ana kallona ana amin. Allah na tuba, ban amsa ba.

Juma'a, 22 ga Satumba

Likitan haƙori ya bari sai da ya cusa mini ƙarfe a baki sannan ya fara nasa wa'azin ƙwallon. Da na cije shi da na huta.

Lahadi, 1 ga Oktoba

Mun ci! Ciyawa fes, babu allo. Mutumin gidan mai ya ce mini, "Sa'a ce." Oho dai.

Janelle ta shiga ƙungiyar masu busa da kiɗa ta makarantarsu, ta yi ƙawa, wata mai surutu kamar rediyo. Ta tambaye ni ko ta shafa wa ɗakinta fenti. Na ce gidan da ba mu san ko za mu kai baɗi a cikinsa ba? Na dawo daga kasuwa na tarar ta shafa. Ruwan ɗorawa, har da bakin taga. Na buɗe baki zan yi faɗa, ta ce, "In za mu tashi ni zan mayar da shi fari." Ta faɗa ba ta kalle ni ba. Na ja ƙofa na fita.

Alhamis, 12 ga Oktoba

Rayford ya rame. Abinci sai ya tsattsakura ya ture. Yau na kasa haƙuri na ce, "Kai kuwa me zai hana ka bar yaron nan ya jefa ƙwallon, mu samu lafiya?"

Ya ajiye cokali. "Har da ke?"

Ya ce mai jefawar yaro ne ɗan aji ɗaya, masu tare masa gaba kuma ba su ƙware ba tukuna. In ya tsaya neman wanda zai jefa wa, ƙartin can za su murƙushe shi. "Uwarsa hannu da hannu ta ba ni shi. Gara a kore ni da in mayar mata da shi a kujerar guragu."

Na ɗumama masa miyar. Amma dai da zai ɗan jefa ko sau biyu...

Lahadi, 22 ga Oktoba

Na kama shi!

Da sassafe na tashi shan ruwa, na ji ƙwas, ƙwas, a hankali. Na leƙa. Baba Clovis ne, da hularsa ta zuwa majami'a, ya naɗe kan guduma da tsumma wai don kada ya tashe mu daga barci. Na fito da rigar barci ko takalmi babu.

Ya ɗaga hula. "Ina kwana, matar Koci."

Na ce, "Baba, ashe kai ne? Kai da nake gaisarwa kullum? Da girmanka?"

Ko a jikinsa. Ya ƙara wa allon bugu ɗaya, ya ja baya ya duba ko ya miƙe. Sannan ya ce wai in ban da amfani da tsofaffin in dawo masa da su, katako mai kyau ba a bakin titi yake tsirowa ba.

Na wuce shi fuuu sai kicin ɗin Mama Odessa. Na tarar tana murza ƙullu. Na zazzage mata duk abin da ke cikina: kantin, faston, likitan, 'yata da ke kwana da fargaba. Ta bari na gama, ta tura mini kujera da ƙafa.

"Zauna, 'yata. Wa kike zaton ke riƙe masa gwangwanin fentin?"

Tirƙashi.

Ta ce tun Clovis yana saurayi yake kafa wa kowane koci allo in an sha kashi. Wanda ya fi kowa shan allo shi ne wanda aka sa wa filin wasa sunansa. "Amma wanda mijinki ya gada, a shekararsa ta ƙarshe Clovis ko ƙusa bai ɓata a kansa ba. Kowa ya riƙa yi wa matarsa murmushi a kanti, babu mai ce mata komai. Ba a faɗa da wanda aka riga aka sallama. Ranar da aka ci ku kika tashi ba ki ga allo ba, ranar ki nemo igiyar ɗaure kaya."

Na ce wannan wace irin ƙauna ce? Ta ce irin tasu ce. Ta cika mini hannu da biskit mai zafi. Mahaukatan gari. Ban mayar masa da katakon ba, kuma ba zan mayar ba.

Asabar, 4 ga Nuwamba

Mun ci biyu a jere. Yaron ya fara jefawa kaɗan kaɗan, sai ka ce Rayford na ba shi magani a cokali. Mama Odessa ta matsa mini wuri kusa da ita a filin, ta rufa mana bargo ɗaya. Na zauna ne kawai don wurin zaman matan manyan kwaleji iska ta yi yawa.

Lahadi, 12 ga Nuwamba

An ci mu. Allo ya zo. Na yi tsaki na tuge, amma sai da na gama shan shayina.

Saura wasan Ansley, abokan gabarsu tun kaka da kakanni. Shugaban wasanni na kwaleji ya ce wa Rayford za su "zauna" bayan wasan. Na san irin wannan zaman. Yayata ta bugo waya daga garin Mobile ta ce ɗakin bayanta na nan in ta ɓaci.

Asabar, 18 ga Nuwamba

Muryata ta dushe, da ƙyar nake haɗiyar yawu.

Saura kiris a tashi, Ansley na gaba da mu da maki kaɗan, ƙwallo a hannunmu, layin ci yana nan gabanmu kamar ka miƙa hannu. Filin duka ya ɗauka: jefa, jefa! Sai na ji wata mata tana kururuwa fiye da kowa, "Rayford, don girman Allah ka jefa!" Ashe ni ce. A tsaye kan benci, bargo a ƙasa.

Ya sa yaron ya jefa. Ƙwallo ta tashi kyakkyawa, ta faɗa hannun ɗan Ansley.

Shi ke nan. Yaron ya durƙusa a fili, Rayford ya je ya ɗaga shi ya riƙe kansa a ƙirji. Ya fita da ƙafafunsa dai, uwarsa za ta karɓi abinta lafiya. Mama Odessa ta naɗe bargonta ba ta ce mini ko sai da safe ba.

A mota Janelle ta ce, "Akwai sauran farin fenti a gareji?"

Lahadi, 19 ga Nuwamba

Babu allo.

Na fita tun gari bai gama wayewa ba. Na duba har bayan shingen furanni ko iska ta kayar. Ramin da ya saba kafawa yana nan, wayam.

A majami'a kowa murmushi. Fasto ya yi addu'ar marasa lafiya da manoma, ya tsaya nan. Matar likitan haƙori ta yaba hulata. Na ji kamar in kwaɗa mata jaka. Ku zage ni mana! Ku ce ya cika taurin kai, ku ce komai!

Labulen gidan Mama Odessa a sauke yini guda. Ni da na yi wata uku ina roƙon a bar mini ciyawata ta huta, yau ga ta ta huta, na kasa cin abinci.

Litinin, 20 ga Nuwamba

Nan ma babu. Sun zauna da Rayford, sun ce za su kira shi gobe. Na shiga gareji neman igiya, na tsaya ina kallon allunan jingine da bango, na fito ban ɗauko ba.

Talata, 21 ga Nuwamba

Ƙwas, ƙwas.

Ban ma tsaya neman silifa ba. Yana nan da hularsa da gudumarsa mai tsumma. Sabon allo, ya fi na da girma, fentin ko gama bushewa bai yi ba. GIDAN SAYARWA. A ƙasa da ƙananan haruffa: baɗi, in bai gyara ba.

Na ce, "Baba, sai yau? Kwana biyu kana ina?"

Ya ce, "Katako ya ƙare, matar Koci. Wata ta riƙe mini nawa. Sai da na jira aka buɗe shago jiya." Ya duba ko ya miƙe. "Kuma ki gaya wa mijinki, wa ya ce ya jefa a wurin nan? Ai gudu ya kamata."

Na zage shi tas, shi da garinsu, ina yi ina share ido da hannun riga, sanyin safiya ne ke sa ni hawaye. Mama Odessa na daga baranda tana cewa in shiga in sa takalmi kafin mura ta kama ni.

Kwalejin ba su kira ba sai da azahar. Rayford ya fito yana neman ya ba ni labarin an ƙara masa, na ce na riga shi ji.

Allon na nan, ban tuge ba, bayana ke ciwo. Na tura Janelle ta mayar wa tsohon da katakonsa, sun cika mini gareji. Jibi shi da Mama Odessa za su zo cin abincin bikin Ranar Godiya, ita ta gayyato kanta. Na buɗe kwalin tangaran ɗin Mama, don kawai na ji yana warin danshi. Babu abin da ya fashe. Tunda na riga na wanke su, na jera a kabad.