Yatsana a Takardar A'i

Inna, ni ce Ladidi.

Amsa ɗaya nake so kafin Alhamis: in dangwala yatsa ko kar in dangwala? Ki faɗa wa direban da ya kawo wasiƙar nan. Maƙwabciyata Salma ke rubutawa, ni ina faɗa.

Ya jikin Baba, ya damina? Mu nan Fadaman Mada lafiya lau, kar ki damu. Jikarki A'i tana ci tana dariya. Ƙafafun ne dai shiru, ga ta shekara biyar, bayana ya fara gajiya da goyo.

Wata ƙungiya tana raba keken guragu, amma sai da takardar likita. Na kai ta wurin likitan, ya lanƙwasa ƙafar, ya miƙar, ya yi rubutu. Na ce ya karanta mini. Inna, wai ba za ta taɓa tafiya ba. Ya ce abin da ya gani ke nan, da shi za a ba da keken, ni kuma in sa yatsa a ƙasa.

To ni kullum roƙon Allah nake ta taka. In na dangwala, ban yi mata baki ba? Likitan ya ce takarda ba ta hana ikon Allah. To don me aka rubuta?

Ban gaya wa babanta ba, yana Legas da mota. Salma ta sani. Sai A'i, na gaya mata ina yi mata wanka. Ta ce ita keke ja take so.